Hula a Kan Makunni

Ranar Alhamis

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Baba? Ƙafar ta fara yarda ya taka kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki ce masa surukinsa yana yi masa sannu. Mu nan lafiya lau. Babbar 'yarki ta riƙe gida yadda ya kamata, gishiri ne kawai ya yi mata yawa a hannu, amma ba mai cewa uffan don kada ta yi fushi ta bar mu da yunwa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Direban da ke kai kwalayenmu can wajenku na ba. A waya ba na iya wuce "lafiya lau". Da kin ce "yaya aiki?" sai harshena ya yi nauyi, ni da kike cewa ko barci nake bakina ba ya hutawa.

Dogo ne, abokina makanikenmu. Ranar Litinin inji ya kama shi. Ki kwantar da hankalinki, yana raye, yana magana, ya gane kowa. Amma an yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu.

Shekara goma sha tara kina wanke mini kayan aiki, ba ki taɓa shiga masana'antar ba, don haka bari in kwatanta miki. Injin da nake kai shi ne babban, wanda yake matse takarda ta zama kwali. Tsawonsa ya kai bas uku a jere. A cikinsa akwai manyan ƙarafa masu juyawa da muke kira rola, takarda tana bi ta tsakaninsu. Makunnin yana can gaba inda nake tsayawa, ƙofar da makanike ke shiga ciki kuwa tana baya, ba na hango ta. A rubuce, doka ta ce duk makaniken da zai shiga ya sa wa makunni kwaɗo ya tafi da makulli a aljihu. An ce an taɓa sayo kwaɗunan, makullan suka yi ta ɓacewa, aka gaji da fasa su. Tun kafin a ɗauke ni aiki aka koma hula. Makanike zai cire hularsa ya rataya a kan makunni, shi ke nan. Hula na kai, mutum na ciki. Ko manaja ne ya zo yana kumfar baki a kan aiki ya tsaya, ba ya taɓa ta. Har alfahari muke yi wa sababbin ma'aikata da abin, muna cewa hularmu ta fi kwaɗo aminci tunda ba ta da makullin da zai ɓace.

Ranar Litinin, da muka dawo daga hutun rana, ni na kunna inji. Ban kai ga ɗaukar safar hannuna ba na ji ƙararsa ta canza, sannan na ji ihun. Na doki makunnin na kashe, amma rola ba ta tsayawa nan take, sai ta ƙara juyi biyu ko uku. Da idona na tsaya ina kallon bel ɗin da ke juya rolar yana rage gudu a hankali, ba abin da zan iya yi.

Mun fi minti arba'in kafin mu fito da shi, domin wanda ya fi kowa sanin yadda ake kwance rolar nan shi ne maƙale a ciki. Wallahi shi ya riƙa gaya mana notin da za mu fara kwancewa. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi yana zuba, yana cewa, "Ba wannan sifanar ba, mai lamba talatin da biyu. Ku bi a hankali, kada ku lalata bakin notin." Kin san Dogo da kayan aiki. Ni na riƙe masa kai har aka gama, ni na shiga motar asibiti da shi, ni na je na sanar da matarsa. Tana shanya lokacin da na yi sallama. Ta dubi rigata kawai ta zauna a ƙasa.

Da helma, mai kula da ma'aikatan sashenmu, ya duba makunni bai ga hula ba. Ya tambaye ni a gaban mutane, na ba shi amsa. Yanzu maganar da ke yawo ita ce Dogo ya shiga inji bai rataya hula ba.

Akwai sauran magana a kan wannan, amma hannuna ya ƙi rubutawa yau, ga direba yana ta danna mini ham a bakin ƙofa. Ki kira matar Dogo ki yi mata jaje, tana tambayarki. Ki sa shi a addu'a, ni ma ki sa ni.

Naki,
Baban yara

Ranar Lahadi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, da duk waɗanda ke ɗawainiya da shi. Na ji daɗi da kika ce ya fara zama a kujera har yana faɗa a kan an hana shi sukari. Wanda ya samu ƙarfin faɗa ai sauƙi ya zo. Yara suna gaishe ki. Na tura su gidan ƙanwata tun safe, don ina son in zauna ni kaɗai in rubuta wannan.

Ki nemi wuri ki zauna, kuma kada ki karanta a gaban Baba.

Akwai hula a kan makunnin. Ni na cire ta.

Kin san Dogo da mantuwa a kan ƙananan abubuwa. Inji ba ya manta ko noti ɗaya, amma hularsa kullum sai ya bar ta. Idan ya gama gyara sai ya fita ta ƙofar baya ya je famfo, daga nan ya zarce wurin mai shayi da sanƙonsa a waje yana ƙyalli, hula tana nan rataye. Farko ina zagayawa in duba, in ga ba kowa, sannan in cire. Da abin ya yi yawa sai ya zama wasa. In ɗora tsohuwar hular nan tasa mai warin giris a kan tawa, in yi ta aiki da hula biyu, har ya dawo yana shafa kai yana cewa, "Ɓarawon zaune, kawo kayan mutane." Kowa ya yi dariya. Mun fi shekara goma muna wannan shirmen, ni da shi, manya da furfura.

Ranar Litinin da safe takarda ta cushe, ya shiga ya gyara. Da muka tashi hutu na gan shi a famfo. Ashe bai gamsu da gyaran ba, ya bar abincinsa ya sake rataya hula ya koma ciki, don kada ya tsayar mana da aiki daga baya. Na dawo na ga hula, na ce a raina yau ma mutumin ya yi halin nasa. Na ƙwala kira sau biyu, "Dogo! Dogo!" An riga an tayar da ƙananan injuna, shi kuma kullum da auduga a kunne. Daga inda nake zuwa ƙofar baya taku ashirin da biyu ne, na ƙirga daga baya. Ban taka ba. Na cire hular na ɗora a kaina, ina murmushi, ina shirya abin da zan ce masa idan ya zo, na danna.

Ban san lokacin da na fizge ta na cusa a aljihun wando ba. Ba zan ce miki na yi tunani ba, hannuna ne ya yi kafin hankalina ya dawo. Tana cikin aljihuna na riƙe masa kai, tana ciki na shiga motar asibiti, tana ciki na tsaya gaban matarsa. Amma lokacin da helma ya ce, "Da ka zo kunnawa akwai hula?" hankalina yana jikina sarai. Na dube shi na ce babu. Wannan ba zan ɗora wa hannu ba.

Yanzu tana ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan da ba kya ɗaurawa. Ki yafe mini, na rasa inda zan sa ta. Na yi niyyar jefa ta a kwata, na kai har bakin kwatar na kasa.

Kullum na tashi aiki ina zuwa asibiti. Ɗaki ne mai gado takwas, nasa yana jikin taga. Ba ya tuna komai daga lokacin da ya wanke hannu a famfo zuwa lokacin da ya ji rola ta ja shi. Likita ya ce haka kan faru. Da aka gaya masa ba a ga hula ba sai ya kalli silin ya ce, "To ina take?" Wani ya ce wataƙila ta faɗa cikin tarkacen takarda an kwashe. Ina zaune a bakin gadon ina ɓare masa lemo.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Idan na faɗa, aiki ya tafi, kuma ban san ko a nan za ta tsaya ba. A shekaruna wa zai ɗauke ni, mutumin da ya kunna inji a kan abokinsa? Ga yara, ga jinyar Baba. Idan kuma na yi shiru, a kan Dogo za a rubuta. Ki gaya mini abin da kika gani. Kin fi ni nutsuwa, kullum ina musu amma na sani.

Mijinki,
Baban yara

Ranar Asabar

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da Baba, da kowa da kowa. Allah ya sa sandar da aka ba shi ta zama ta ɗan lokaci. Mu ma lafiya, sai kewarki. Auta ta ce in gaya miki babbar yayarta ba ta iya kitso ba, tana ja mata kai kamar da gayya.

Amsarki ta iso. Na aika miki shafi uku, kin aiko mini layi huɗu. "Ka je ka faɗa masa. Ka faɗa wa ofis. Abincinmu ba a hannun kamfani yake ba. Kuma ka cire mini ita daga cikin kayana." Na karanta a tsaye a bakin get, raina ya ɓaci, har na ce wa direban ba amsa. Faɗa yana da sauƙi daga nesa. Ba ke za ki tsaya gaban mutumin ba. Kwana goma sha uku ke nan ina fushi da ke, kuma na san ba ki faɗi komai ba sai gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ga abin da ya faru tun daga lokacin. Masu bincike sun zo, mutum biyu da fararen hulunan kwano da takardu. Kafin su iso da kwana ɗaya aka kawo kwaɗuna sababbi fil, jajaye, kowanne da makulli biyu, aka rataye su a allo kamar tun can suna nan. Aka tara mu aka ce duk wanda ya ambaci maganar hula ya san inda ƙofa take. Da aka kira ni ofis, tambaya uku suka yi mini. Ta ƙarshe ita ce, ko na ga wata alama a kan makunni? Na ce ban gani ba. Sau biyu ke nan. Suka rubuta cewa makanike ya shiga inji bai sa kwaɗo ba kuma bai sanar da kowa ba, sakaci ne nasa. Kamfani ya ce ya ɗauki nauyin asibiti don tausayi, daga nan kuma ba shi da sauran haƙƙi a kansu. Shekara ashirin da shida yana yi musu aiki, takarda ɗaya aka ba matarsa a ambulan.

An sallame shi daga asibiti ranar Talata. Ina zuwa gidan kullum da yamma. Ni nake yi masa aski, ni nake ɓalla masa maɓallan riga idan zai fita ƙofar gida. Yana koyon cin abinci da hagu, cokali yana kufce masa, ya hana kowa taimaka masa. Wani lokaci sai ya kai hannun hagu yana susar iska, ya ce tafin hannun da babu ne yake masa ƙaiƙayi. Matarsa kuwa duk wanda ya shigo sai ta nuna ni ta ce, "Wannan ai ya wuce aboki, ɗan'uwa ne. Waɗanda suka haɗa jini ma ba su yi abin da yake yi ba." Jiya har ƙwalla ta yi tana sa mini albarka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba hannun ne yake cin Dogo ba, wannan ne ban zata ba. Hannun ya karɓa, ya ce Wanda ya ba shi ne ya karɓe. Hular ce. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa sa ƙafa cikin inji da hula a kansa ba, ko mafarki yake yi yana gyara sai ya rataya ta tukuna. Mantuwarsa ta fitowa ce, ba ta shiga ba. Yanzu ya daina yarda da kansa. Ya rufe famfo ya koma ya duba sau uku. Ya tambayi matarsa ko ya sha magani, ta ce ya sha, ya sake tambaya. 'Yarsu ta kawo jaririyarta, ya ƙi a ɗora masa ita a cinya, ya ce mutumin da ya manta da ransa zai iya manta da na wani. Ranar da takardar kamfani ta zo matarsa ta kasa daurewa, na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Sau nawa ina maka magana a kan mantuwar nan? Ga shi ta ci mu duka."

Ɗazu ina masa aski ya kama hannuna ya ce, "Kai ne a wurin. Don Allah ka tuna da kyau. Ko a ƙasa ba ka gan ta ba? Ko iska ce ta kaɗo ta?" Reza tana hannuna, wuyansa a miƙe, ya sakar mini jiki gaba ɗaya. Na ce masa ya bar tone-tone, ƙaddara ce. Ya ce haka ne, ya saki hannuna.

Ban cire ta daga akwatinki ba tukuna. Kada ki yi mini shiru, ko faɗa ne ki aiko.

Naki ko kina fushi,
Baban yara

Ranar Laraba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa Baba sannu. Direba ya dawo hannu biyu, ya ce kin karɓi takardar kin ce a gaida gida. A waya kuma yara kawai kike nema. Na gane.

Aiki ya gagare ni. Duk da jan kwaɗo da komai, ba na iya danna makunni sai na taka har baya na leƙa, in dawo, in sake komawa. Ranar Litinin sau huɗu na je, mutane suna tsaye suna jirana. Helma ya ja ni gefe bayan tarin kwalaye, ya ce, "Malam, ni ba yaro ba ne. Na ga kanka lokacin da kake gudu zuwa baya, na san hula nawa na gani. Abin da ya wuce ya wuce. Idan ka buɗe baki ba kai kaɗai za ka tafi ba, da ni da manaja ne, don mu muka bar mutane suna aiki da hula. Hannu kuma ba zai dawo ba." Ashe tun ranar ya sani. Ya tambaye ni a gaban mutane ne don in ce babu, ni kuwa na ce. Ina ganin ni kaɗai nake ɓoye abina, ashe aiki nake yi musu kyauta.

Jiya matar Dogo ta raka ni har bakin ƙofa, ta rage murya. Ta ce kwana uku ke nan ba ya cin abin kirki. Ya tattara kayan aikinsa na gida, sifanu da komai, ya ce a rabar. Ya ce mata idan ta ga ya fara manta sunayen yara kada ta ɓoye masa. Ta ce, "Kai kaɗai yake jin maganarka, ka yi masa magana."

Zan yi masa. Na ciro hular daga akwatinki, na sa zannuwan a iska don warin giris. Gobe ba zan je aiki ba.

Baban yara

Ranar Alhamis da yamma

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin wuni lafiya, Baba kuma yana ƙara samun ƙarfi. Yara lafiya. Ban gaya musu komai ba, na bar wannan sai kin zo mu yi tare.

Na je da hantsi, lokacin da na san matarsa ta tafi kasuwa. Yana zaune a kan tabarma a ɗakinsa, ya jingina da bango, rediyo a kashe. Ya yi mamakin ganina a lokacin aiki, har ya ce, "Kai ma sun kore ka ne?" Yana dariya. Na durƙusa a gabansa. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu, sai kawai na ciro hular na ajiye a kan tabarma.

Ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Sannan ya ɗauka ya juya ta, ya duba cikinta, ya ce, "A ina aka samo?" Na ce ba samowa aka yi ba. Na faɗa masa duka, daga kiran da na yi sau biyu har zuwa abin da na gaya wa helma da masu bincike. Ban rage komai ba, har murmushin da nake yi lokacin da na danna.

Na zaci zai yi ihu, ko ya jefe ni da abin da ke kusa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Na rataya ke nan?" Na ce ka rataya. Ya ce, "A kan makunnin? Da kyau, ba faɗuwa ta yi ba?" Na ce da kyau, yadda ka saba. Ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya sake. Hawaye suna bin gemunsa. Wata guda ina zuwa wurinsa, ko ranar da aka kwance bandeji ya ga dungun ban ga hawayensa ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Ina durƙushe ina kallo, na ga abin da na hana shi, wanda yake hannuna tun ranar farko.

Da ya share fuska ya dube ni, sai na ga ba kallon da na sani ba ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wasan hula ni da kai muka yi shi. Da na hana tun farko da ka bari. Taku ashirin da biyu kuma, ni ma akwai ranakun da na yi ƙyuya Allah ya rufa mini asiri. Hannun na yafe maka, har ga Allah." Na fara kuka ina godiya, ya ɗaga mini hannu in dakata. Ya ce, "Ban gama ba. Kwana talatin da ɗaya kana zama kusa da ni. Kana ji ina zagin kaina. Kana ji matata tana gaya mini magana a cikin gidana. Ka ga na ƙi ɗaukar jikata. Na kama hannunka na roƙe ka, ka ce mini ƙaddara. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba."

Na ce gobe zan je wurin masu binciken da kaina, ba ofishin kamfani ba, in faɗi komai a sake rubutawa. Ya ce, "Ka je. Haƙƙin iyalina ne." Na ce to zan dawo in gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Ka aiko." Na tsaya ina jiran ko zai ƙara wani abu. Ya ce idan na fita in ja masa ƙofa.

A bakin layi na haɗu da matarsa ta dawo da kaya a ka. Ta washe baki ta ce, "Ɗan'uwa, ba ka tsaya ka ci abinci ba? Ya saurare ka kuwa?" Na ce ya saurara, ta shiga zai yi mata bayani. Ta yi mini godiya sau biyu.

Gobe da safe zan tafi, na riga na goge riga. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma abin mamaki tsoron ya ragu, wani abu ne da ya fi shi nauyi ya zauna a wurinsa. Kin ce in faɗa, na faɗa. Ba ki ce zai yi daɗi ba, don haka ba ni da ƙorafi.

Idan jikin Baba ya yarda, ki bar shi hannun ƙanwarki ki taho, ko na mako ɗaya ne. Ina bukatarki, ban taɓa rubuta miki wannan ba sai yau. Kuma akwai abin da zan roƙe ki. Asabar ce ranar askinsa, ga maɓallan riga, ga maganin dungun da ake shafawa da yamma, matarsa ba ta iya jure taɓa wurin. Ki nemi wanda zai riƙa zuwa, mai sauƙin hannu, kada a ce ni na turo. Ke ki shiga gidan, ke ba a ce ki ja ƙofa ba.

Ki gaida Baba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Baban yara